Bes ɗin hannun hagu ya cinye komai: masu ogan da shekaru suka ja, ya kuka yi da kunnuwanku?

Baban Ladi, Jos

Salama gare ku 'yan'uwa masu kiɗa. Shekaruna 68. A coci na fara taɓa ogan tun ina saurayi, daga baya na shiga wata ƙungiya da ke wasa a otal duk daren Asabar. A can ne wani ɗan Gana mai busa saksafon ya ba ni aron kaset ɗin Jimmy Smith, shahararren mai ogan na jaz ɗan Amurka, kuma tun ranar ban warke ba. Ina jin bes, wato sautin nan mai kauri na ƙasa, yana tafiya kamar mai taku da ƙafa, amma aka ce min mutum uku ne kawai a wurin, mai ogan da mai jita da mai ganga. Ashe hannun hagunsa ne ke ɗauke da wannan aiki. Sai da na shekara biyu kafin hannayena su daina rigima da juna.

Ga abin da ya kawo ni. Makon jiya mun yi wasa a liyafar wani aure. Da muka sauka, 'yata ta ja ni gefe ta ce, "Baba, bes ɗinka ya cinye komai. Ana ganin mai jita yana motsa yatsu amma ba a jin sa, gilasan tagogi har kaɗawa suke." Maganar ta yi min zafi, domin a inda nake zaune ji nake bes ɗin ya yi ƙasa, har sau biyu na ƙara shi. Na tambayi mai gangarmu, yaro ne sa'an ɗana. Ya sunkuyar da kai ya ce an fi shekara ana haka, nauyina yake ji.

Ban da wannan, kunnena na hagu yana yin wani shuuu in dare ya yi tsit, kuma a taron jama'a ina jin ana magana amma kalmomin ba sa rabuwa. Duk wanda ya bi ta wannan hanya, ya taimaka ya faɗa min yadda ya yi.

Mai Miksa, Kaduna

Baba, sannu da ƙoƙari, kuma Allah ya yi wa Ladi albarka da ta faɗa maka. Ni aikina haɗa sauti a majami'u da wuraren biki, kuma kafin a ɗora wa kunnenka laifin duka, a duba ɗakin tukuna. Sauti mai kauri doguwar igiya gare shi. Nota ta ƙasa can, wadda ke kaɗawa kamar sau 65 a daƙiƙa, tsawon igiyarta ya haura mita 5. In ta bugi bango ta dawo, akwai wurin da take haɗuwa da 'yar'uwarta ta ninku, akwai wurin da suke kashe juna. Jikin bango da kusurwa nan take taruwa. Sau da yawa kujerar makaɗi tana faɗawa daidai inda bes ya mutu, shi yana ta ƙari, na layin baya kuma ƙirjinsu na girgiza.

Na taɓa aiki da wani dattijo mai fiyano wanda kullum muke ja-in-ja. Ina ragewa a miksa, yana ƙarawa a hannunsa. Da na gaji, sai na roƙe shi ya bar wani yaro ya zauna ya riƙa maimaita layin bes ɗin, ba tare da an taɓa ko maɓalli ɗaya ba, na kama hannunsa muka taka har ƙofar baya. Ya tsaya shiru, ya ce, "Haka nake yi wa mutane?" Daga ranar muka sa masa ƙaramar sifika a kan kujera daidai kafaɗarsa, tasa shi kaɗai, babbar kuma ya bar min. Kada ka ce za ka gwada da ɗaukar sauti a waya, Baba, sifikar waya ba ta fitar da wannan kaurin, za ta ruɗe ka. Ka taka da ƙafarka.

Kawu Sale, Filadelfiya

Yayana, na karanta naka kamar ni na rubuta. Ina da shekara 66, na fi shekara 30 a Amurka, kuma garin da nake zaune gidan ogan ne: Jimmy Smith ɗan Norristown ne nan kusa, Jimmy McGriff da Shirley Scott da Joey DeFrancesco duk 'yan wannan yanki ne. Allah ya sa na samu tsohuwar ogan Hammond B-3, irin wadda aka fara fitarwa a 1954, tana ƙasan gidana. Na daɗe ina son in aiko da ita gida amma na fasa. Nauyinta da feda (madannan da ake takawa da ƙafa) da benci ya kusa kilo 190, sannan injin da ke juya faifan sautinta da bugun wutar lantarki yake tafiya. Ta nan an yi ta ne don wuta mai bugu sau 60 a daƙiƙa, wutar gida kuwa sau 50 ce, sautin zai sauka ƙasa gaba ɗaya, in kuma janareta ya yi tangal-tangal ita ma ta bi shi.

Mu koma kan bes. Abin da na gano a kaina shi ne ba kaurin ne ya ɓace min ba, bakin notar ne. Kowace nota ta ƙasa tana tafe da 'ya'yanta sirara a sama, su ne ke gaya wa kunne cewa wannan C ce, wannan F ce, ga inda ta fara ga inda ta tsaya. A Hammond har da wannan ɗan ƙas ɗin da ake ji in yatsa ya danna. Da kunnena ya fara rasa na sama, sai bes ya koma min kamar rugugin hadari daga nesa, ina jin sa amma ba na gane takunsa. Me mutum zai yi? Sai ya ƙara ƙarfi, yana neman abin da ƙarin ƙarfi ba zai ba shi ba.

Maganin da ya yi min aiki yana cikin sandunan nan tara na Hammond da ake ja don daidaita sauti, kowanne daga 0 zuwa 8. Na farko, mai lamba 16, shi ne kaurin tsantsa. Na uku, mai lamba 8, yana sama da shi da zango ɗaya. Masu jaz da yawa suna sa 838000000 a madannan ƙasa, wato na farko a 8, na biyu a 3, na uku a 8, sauran a 0. Ni na tura na farkon zuwa 6, na bar na ukun a 8, wani lokaci na ɗan jawo na huɗu zuwa 1 ko 2. Nan da nan layin ya fito min fili, kuma matata ta daina cewa kofunanta na rawa a kicin. In fiyanonka na zamani ne mai kwaikwayon Hammond, wannan tsarin yana ciki. Sai kuma dabarar tsofaffi, wato ɗan taɓa feda da ƙafar hagu a taƙaice a kan kowane bugu, yayin da hannu ke riƙe da notar. Wannan tum ɗin yana ba bes goshi ba tare da an ƙara masa nauyi ba.

Tambaya ɗaya, Yaya: a wane gefe kake ajiye sifika? Sifikar ogan Leslie 122 da nake da ita tana raba sauti a daidai kaɗawa sau 800 a daƙiƙa, kaurin ya sauka ƙasa ta sifika mai inci 15, siririn ya hau ƙahon da ke juyawa a sama. In mutum yana zaune, ƙahon nan yana kusa da tsayin kunnensa. Shekara da shekaru tana damana, kuma kunnen dama ne ya fara lalacewa.

Baban Ladi, Jos

A hagu, Sale. Tun ina otal a hagu take, don kada ta tare hanyar mai ganga. Ban taɓa haɗa wannan da wancan ba.

Maman Biyu, Zariya

Baba, ina wuni. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen kunne da hanci da maƙogwaro, kuma mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗan badujala ne, ya yi shekaru yana busa ƙaho a gaban masu ganga. Ya tsufa yana ɗaga rediyo har maƙwabta su ji, muna cewa rigimar tsufa ce. Sai da na shiga wannan aiki na gane abin da ya same shi, lokacin ya riga ya daina zama cikin hira saboda kunyar cewa "me ka ce?" Har yau abin yana ci min rai.

A can cikin kunne akwai wani abu kamar katantanwa, cike da ƙananan ƙwayoyi masu gashi. Waɗanda ke karɓar siririn sauti su ne a bakin ƙofa, su ke fara gajiya, ko da tsufa ko da ƙara. Wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Masu aiki cikin ƙara, in aka auna su, yawanci ana ganin rami a takardar gwajin a wajen sauti mai kaɗawa sau 4000 a daƙiƙa. Shi ya sa kake jin murya amma kalma ba ta fita, don haruffa irin su s da f da sh a sama suke. Kuma sauti mai kauri yana danne siriri, don haka duk lokacin da ka ƙara bes, kana ƙara binne ɗan abin da ya rage maka.

Ana auna ƙarfin ƙara da desibel, kuma iyakar da ake amfani da ita wurin aiki ita ce desibel 85 na awa 8. Duk ƙarin 3, a raba lokacin biyu. A 94 awa ɗaya ke nan, a 100 minti 15. Ku da kuke zama kusa da ganga da sifika awa huɗu, ku yi lissafi.

Roƙona, ka je a auna ka kafin ka sayi komai. Gwajin ba ciwo, ana sa maka abin ji a kunne ka riƙa danna maɓalli in ka ji ƙara. Asibitocin koyarwa suna yi, akwai kuma cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna. Ka gaya musu ƙarar a kunne ɗaya take, wannan likita yana son ya sani. Ka gaya musu magungunan da ka taɓa sha, domin kwinin da wasu allurai irin su jentamaisin suna iya taɓa ji.

Ɗan Studiyo, Kano

Gaskiya ni ban yarda duka laifin na tsofaffi ba ne. Mu da muke haɗa waƙa, in ba ka cika bes ba mai waƙar zai ce aikin bai yi nauyi ba. A wurin biki ma haka, ango da abokansa so suke su ji shi a ciki. Kuma in ka rage ƙara gaba ɗaya, bes ne ke fara ɓacewa a kunnen kowa, yaro da babba, haka kunne yake. Sai dai maganar Mama ta tsorata ni. Shekarata 34, ina kwana da abin ji a kunne ina gyaran kiɗa, kuma tun bara in na fito daga studiyo sai in ji kamar an toshe min kunne da auduga, sai da safe ya sake.

Maman Biyu, Zariya

Ƙanena, wannan toshewar gargaɗi ce, kada ka jira ta zauna. Akwai matoshin kunne na makaɗa da ke rage ƙara daidai wa daida ba tare da ya dusashe sautin ba, ana samun mai rage desibel 9 da 15 da 25. Na soso da ake sayarwa masu aikin inji yana kare kunne, amma siririn ya fi yankewa, shi ya sa makaɗa ke cire shi su jefar.

Malam Isufu, Yamai

Assalamu alaikum. Ni na riga na kai ga na'urar ƙara ji, ɗana da ke Faransa ya kai ni aka sa min shekara uku da suka wuce. Don magana, alhamdu lillahi, na dawo cikin mutane. Amma ranar da na fara zama gaban ogan da ita, hawaye na yi. Duk notar da na riƙe sai ta riƙa rawa kamar kukan akuya, in na danna da ƙarfi kuma na'urar ta murƙushe sautin. Na cire na ajiye, na ce kiɗa ya ƙare min.

Da na koma, matar da ke saita na'urar ta yi min bayani. An ƙera abin ne don magana. Yana da wata dabara ta kashe fito, to doguwar notar ogan mai tsabta sai ya ɗauka fito ce, ya shiga yaƙi da ita. Ta buɗe min wani saiti daban na kiɗa, ta kashe waɗannan dabaru. Na je da ƙaramin fiyano har ofishinta ina dannawa tana gyarawa, zuwa uku muka yi. Bai koma kamar kunnen ƙuruciya ba, ba zan yi muku ƙarya ba, amma ina gane bes ɗina ina gane mai ganga. Duk wanda za a sa wa, ya faɗa tun farko cewa shi makaɗi ne.

Wani abu kuma: na koyi cire takalmi. Na ga mai ogan Rhoda Scott a bidiyo tana taka feda ba takalmi, ita da ta daɗe a Faransa. Ni ba don feda na cire ba, don dandamalin katako yana kawo min bes ta tafin ƙafa. In ya fara yi min susa har ƙwauri, na san na wuce gona da iri.

Jikan Mai Kuge, Bauchi

Nawa gajere ne. Kawuna ya yi wata shida yana kukan ya kurmance, ashe dattin kunne ne ya cushe, yana ta tura shi ciki da tsinken auduga. Aka wanke a asibiti ya dawo garau. Ba kowa ke dacewa haka ba, amma a fara dubawa.

Baban Ladi, Jos

'Yan'uwa, na gode, Allah ya saka. Na dawo da labari. Maman Biyu, na je an auna ni. Babu datti. Ramin da kika faɗa yana nan a 4000, na hagu ya fi zurfi, an kuma ba ni ranar ganin likita saboda ƙarar.

Ranar Alhamis wurin gwaji na yi abin da Mai Miksa ya ce. Na sa wani ɗalibina ya zauna, na taka zuwa bayan ɗakin. Ban kai bango ba na ɗaga masa hannu ya tsaya. Na nemi gafarar mai jitarmu, shekara guda yana wasa ba a jin sa bai taɓa buɗe baki ba. Sale, na tura na farkon zuwa 6 kamar yadda ka ce, na mayar da sifika bayana can nesa kaɗan. Da farko ji na yi kamar an zare min ƙasa, amma a waƙa ta uku na fara jin takun hannuna ɗaya bayan ɗaya.

Mun yi yarjejeniya da Ladi. Ranar Asabar za ta zauna a layin baya, in ta dafa kanta in rage, in ta dafa ƙirji in bar shi haka. Ɗan Studiyo, in ka samo inda ake sayar da matoshin nan mai 15 a Kano, ka sanar da ni, guda biyu nake so, ɗaya na mai gangarmu ne.