Zan sayar da Chevrolet 3100 ta 1951, yaya zan gane ko injinta na asali ne?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tsohuwar a-kori-kura, Chevrolet 3100, takardarta ta ce ƙirar 1951 ce. A nan Amurka take, ta daɗe a gareji ba a tayar da ita ba, yanzu kuma ina son sayarwa. Mutum biyu sun zo gani, kowa tambayarsa ɗaya: wannan injin ta fito da shi daga kamfani? Na kasa ba su amsa. Silinda shida ne a jere, iyakar sanina ke nan. Abin da ya ƙara ɗaure min kai, lambar da ke kan takardar mallaka ta fara da JBA, ta farantin ƙofa kuma ta fara da 5JP. Ta ina zan fara?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin inji, tabbatar da motar tukuna. Farantin da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba ya riga ya faɗa maka komai: 5 masana'antar Kansas City ce, J shekarar 1951, P kuma 3100, wato mai ɗaukar rabin tan. Harafin da ya biyo baya watan da aka harhaɗa ta ne, A Janairu, B Fabrairu, haka har ƙarshe. Jikin motar ma zai shaida: gilashin gaba kashi biyu, ƙaramar tagar iska a kowace ƙofa, da hannun ƙofa da ake murɗawa ƙasa. Ƙaramar tagar a 1951 ta fara, hannu mai maɓallin dannawa kuma a 1952, saboda haka haɗuwar tagar da hannun murɗawa ta 1951 ce kawai.

Injin da 3100 ta fito da shi a shekarar shi ne 216, kimanin lita 3.5, mai ƙarfin doki 92. Wanda aka fi sauya shi da shi kuwa 235 ne, lita 3.9. Daga nesa kamar tagwaye suke. Tsaya ta gefen fasinja, ɓangaren da fulogi da distibita suke, ka dubi farantin ƙarfen da ya rufe gefen injin. Na 216 dogo ne, ya hau har jikin tof, fulogi ta cikinsa suke leƙowa. Na 235 daga 1950 gajere ne, a jikin bulok ya tsaya, bai kai fulogi ba. Sai murfin bawul na sama: 216 noti biyu ne a tsakiyar murfin, 235 daga 1954 sukuru huɗu ne a gefe-gefe.

Amsa ta biyu:
Ƙari a kan amsa ta farko, kada ka yanke hukunci da murfin sama shi kaɗai. Tsofaffin 235 na kafin 1954 ma noti biyu gare su, kuma akwai masu ɗora tsohon murfi a kan injin baya-baya don ya yi kama da na asali. Murfi ana sauyawa da sufana cikin minti goma. Lambar bulok ce ba ta ƙarya.

Lambobi uku za ka nema, dukkansu a gefen fasinja.

Ta farko bugaggiya ce, an doka ta da ƙarfe a kan wani ɗan fili mai santsi dab da bayan distibita. Yawanci baƙin mai da ƙasa sun toshe ta. Jiƙa tsumma da kananzir ka goge, ka bi da buroshin waya a hankali. Kada ka kusanto da injin gurza ƙarfe ko sanfefa mai kaushi, don rubutun ba shi da zurfi, in ya shafe ya tafi ke nan. Idan ta fito dishi-dishi, shafa alli ka share saman da yatsa, sai ka haska tocila daga gefe, ba daga gaba ba, ka ɗauki hoto. Injin 1951 da J yake farawa, na 1950 da H, na 1952 da K. Idan ka ga F ko T sai lambobin wata da rana sai harafi a ƙarshe, wannan tsarin 1957 zuwa sama ne, F na nufin masana'antar Flint, T ta Tonawanda.

Ta biyu tudu gare ta, tun wajen zubin ƙarfe ta fito, can ƙasa a jikin bulok. Misali, 3835911 bulok ɗin 235 ne na 1954 zuwa 1955, 3837004 na 1955 zuwa 1957, 3769716 na 1958 zuwa 1962. A lura, 3 da 8 da 6 suna rikitar da ido a zubin da ya yi tsatsa, karanta sau biyu.

Ta uku ranar zubi ce, kusa da sitata, sau da yawa bayan rubutun CON. Harafin wata, rana, sai lamba ɗaya tak ta shekara. C 15 1 na nufin 15 ga Maris na shekarar da ta ƙare da 1. Ko 1951 ce ko 1961, lambar bulok ce za ta raba gardamar.

Ka zagaya gefen direba kuma. Injin 216 yana da ɗan faranti mai kusurwa uku a tsakiyar bulok, na rarraba baƙin mai. Injinan 235 masu cikakken matsin mai ba su da shi. In kuma ka ga gajerun layuka biyu masu tudu a saman sitata, can gefen fasinja, to ka binciki ko 261 ne na manyan motoci, wanda masu neman ƙarfi suke so.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba. Farantin gefe gajere ne, murfi sukuru huɗu. Bugaggiyar lamba F1112 da harafi ɗaya a ƙarshe, ta bulok 3769716, ranar zubi K 4 9. Ke nan ba na asali ba ne?

Amsa ta uku:
Ba shi ba ne, ɗan'uwa. Wannan 235 ne, an zuba bulok ɗinsa 4 ga Nuwamban 1959, aka harhaɗa shi a Flint ranar 12 ga watan. Tazarar kwana takwas tsakanin zubi da harhaɗawa daidai take, alamar ba a taɓa lambar ba.

Kada gabanka ya faɗi. Injin 216 ba ya tura mai da ƙarfi zuwa kwanrod, wasu 'yan cokula ne a ƙasan kwanrod ke ɗibar mai suna fantsalawa, matsin mansa bai cika wuce psi 15 ba. Metal ɗin kwanrod ɗinsa narkakke ne da aka zuba a jiki, ba wanda ake cirewa a sa sabo ba, kuma masu iya sake zuba shi sun yi ƙaranci. Shi ya sa tun shekarun 1960 in 216 ya buga, sai a ɗauko 235 a ɗora. Mai son hawa motar ya yi yawo 235 zai fi so. Wanda farashi zai faɗi a wajensa shi ne mai son maido da ita yadda ta fito daga kamfani don gasar nuni, su kuwa ba su da yawa.

Abu ɗaya dai a duba. Famfon ruwan 235 na 1955 zuwa sama ya fi zama ƙasa kuma ya fi tsawo, saboda haka a jikin motar 1951 fanka ba ta zama a tsakiyar lagireto. Wasu sukan sa guntun famfo, wasu faranti mai ɗaga famfon, wasu kuma su yanke ƙarfen da ke riƙe lagireto su tura shi gaba. Masanin mota nan zai fara leƙawa. In an yi yanka, ɗauki hotonsa ka nuna tun kafin a tambaye ka.

Amsa ta huɗu:
Ni maganar takardar ce ta fi damuna, ita ce ke wargaza ciniki. JBA ɗin nan lambar injin 216 ce ta 1951. Kafin tsakiyar shekarun 1950 jihohi da yawa da lambar inji suke yi wa mota rajista, ba da ta jiki ba. Wato takardarka tana ɗauke da lambar injin da aka cire tuntuni, a yau kuma babu wani ƙarfe a jikin motar da ke ɗauke da ita. Mai saye daga wata jiha in ya je rajista aka nemi a ga lambar a jikin mota, ba za a same ta ba, sai ya dawo kanka.

Gyara wannan kafin ka sa talla. Je ofishin rajistar motoci na jiharka, DMV, da takardar da hotunan farantin ƙofa. Galibi za a sa jami'i ko ɗan sanda ya duba motar da idonsa ya cike fom, sannan a sake buga takardar da lambar 5JP ɗin. Wasu jihohin sukan nemi takardar jingina ta inshora, wasu su ba mota sabuwar lamba tasu. Dokar kowace jiha daban, ka tambaye su kai tsaye. Abin da ba a yi ko da wasa: buga tsohuwar lambar a kan wannan bulok, ko cire farantin ƙofa a sake ɗaurawa. Laifi ne babba.

Ka ajiye kwafin tsohuwar takardar. A shekarun nan lambar inji ba ta da alaƙa da lambar jiki, don haka irin wannan takarda ko rasitin farko ne kaɗai ke nuna ainihin injin da mota ta fito da shi.

Amsa ta biyar:
Malam, motar da ke tashi ta fi wadda ba a san halinta ba kuɗi, amma kada ka murɗa ta da tsohon fetur. Ya zama danƙo, yana maƙale bawul, bawul in ya maƙale sai sandunan da ke tura shi su lanƙwashe. Cire fulogi shida, zuba cokali ɗaya na mai mara kauri a kowane rami, a bar shi kwana biyu, sannan a juya injin da hannu zagaye biyu. Sauya baƙin mai. Cire tiyon da ya fito daga tankin bayan kujera, a ja sabon fetur daga galan. Batir yana ƙarƙashin daɓen gefen fasinja: murfi uku volt 6 ne, shida volt 12. Asalinta 6 ce, amma da yawa an mayar da su 12 lokacin sauya inji. In har 6 ce ka jona mata 12, gejin fetur da ƙwayayen fitila za su ƙone. Bayan ta yi zafi a gwada matsin kowace silinda a rubuta, mafi rauni kada ta gaza mafi ƙarfi da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Kada ka hau titi da ita tukuna, layin man birkinta ɗaya ne, yoyo ɗaya ya isa ya ɗauke birkin ƙafa huɗu.

A talla rubuta gaskiya a fili: jiki 1951, inji 235 na ƙarshen 1959, ga hotunan lambobin. Ɗauki kusurwoyin bayan kan motar, daɓe, ƙasan ƙofofi da katakon bodi, nan tsatsa da ruɓa suke ci. Mayen ƙarfe in ya ƙi kama wuri, foti ne a ciki. Kada ka yi mata sabon fenti don sayarwa, mai saye zai zaci ɓoye wani abu ka yi. Wajen sa farashi dubi waɗanda aka riga aka sayar a gwanjon intanet na Bring a Trailer da ƙiyasin Hagerty, kamfanin inshorar tsofaffin motoci, ba kuɗin da masu talla ke nema ba. Duk wanda ya aiko da cakin da ya haura farashi ya ce ka mayar masa da ragowar, ɗan damfara ne. Makulli da takarda ba sa barin hannunka sai bankinka ya tabbatar kuɗin sun zauna.

Mai tambaya:
Madalla, na fahimta. Gobe in Allah ya kai mu DMV zan fara zuwa. Tambaya ɗaya ta rage: gejin matsin mai na gaban motar a 30 ya tsaya, in ta tashi allurar ta buge ƙarshe, matsala ce?

Amsa ta uku, ya sake cewa:
Ba matsala ba ce. Gejin na 216 ne, shi kuwa 235 yakan wuce 30 musamman da sanyin inji. Ɗaura gejin gwaji mai kaiwa 60 ko 80 a jikin bulok ka karanta ainihin matsin, da sanyi da kuma bayan ya yi zafi, ka sa lambobin biyu a cikin tallar.