Kankare yana ƙin gudu: laifin tsakuwa ne?

Magini: Salamu alaikum. A nan Dammam kwaɓi yana sandarewa kafin a zuba ginshiƙi. A ƙara ruwa ne?

Injiniya: Wa alaikumus salam, Malam. Kar ka ƙara, ƙarfin kankaren zai ragu. Tsakuwar gabashin Saudiyya yawanci dutsen farar ƙasa ce mai zuƙar ruwa, ga rana ta gasa ta. Yi mata rumfa, ka yayyafa mata ruwa tun dare, ya tsane. Ban da ruwan gishiri, yana cin rodi.

Birkila: Gaskiya ne, Yallaɓai. Duba girmanta kuma. In ratar rodi milimita 30 ce, mai 20 za ta wuce, mai 40 za ta maƙale, ka cire katako ka tarar da ramuka.

Kafinta: Murza ta a tafin hannu. In ta bar ƙura, a wanke, in ba haka ba siminti ba zai kama ta ba.