Dan Allah shawara: 350Z, RX-8 ko Boxster ta hannu, wacce ce ba za ta talauta ni ba?

Ɗan_Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa masana mota. Shawara nake nema kafin in yi aikin da na sani. Tun ina sakandare nake da burin mota mai ƙofa biyu irin masu gudun nan, yanzu Allah ya ɗan buɗa na tara 'yan kuɗi, sai wani dillali ya turo min hotunan guda uku: Nissan 350Z 2006 mai giyar hannu, Beljiyam ce ko lamba ba a yi mata ba, sai Mazda RX-8 2005 wadda wani ya ɗan hau a Abuja, ita ce ma ta fi araha nesa ba kusa ba, sai kuma Porsche Boxster 2001 mai buɗe rufi wadda kuɗinta kusan ɗaya da na Nissan ɗin, abin har ya ban mamaki. Corolla 2010 nake hawa yanzu, niyyata in sayar da ita in cika. A Kano nake. Wacce ce ba ta cika kwanciya a gareji ba, kuma kamar nawa mutum zai dinga warewa a wata? Masu cewa almubazzaranci ne na ji, Hajiyarmu ma ta faɗa, ni dai ta fannin inji nake tambaya.

Baban_Iman ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Shekara 4 kenan ina riƙe da 350Z 2007 a Kaduna, bari in gaya maka abinda na gani da aljihuna. Da farko dai kar ka sayar da Corollar nan, wlh kar ka fara. In sai ka sayar da ita kuɗin za su cika to lokaci bai yi ba tukuna, irin wannan motar ta biyu ce, ta yamma da ƙarshen mako, ba ta zuwa aiki da kai mara lafiya asibiti da daddare ba.

A ukun nan Nissan ɗin zan ɗauka ido rufe, dalili kuwa injinta VQ35 ne mai silinda 6, lita 3.5, kuma gidansu ɗaya da injin Murano da Maxima da Pathfinder da Infiniti G35 da FX35, duk motocin da suka cika titinmu ne, wato in kwayil ko fulogi ko filta ya mutu ba sai ka jira jirgi ba, ka leƙa Ƙofar Ruwa za ka samu, mu nan Panteka muke zuwa. Ni tunda na saye ta ba a taɓa buɗe injin ba.

Amma kuɗin riƙo fa ba wasa. Tankinta wajen lita 76 ne, ko a naira 900 ka lissafa lita ka ga dubu 68 da ɗoriya kenan cikawa ɗaya, kuma a cikin gari da AC da cunkoso ni tana sha min lita 14 zuwa 15 a kilomita 100, in ka ce za ka dinga taka ta a kowace danja kuwa sai dai Allah ya kyauta. Da na saye ta mai bai kai 200 ba, daga 29 ga Mayu 2023 da aka ce an cire tallafi na fara lissafa inda zan je kafin in tayar. Sai taya. Rim 18 ne kuma na gaba da na baya ba girmansu ɗaya ba, gaba 225 baya 245, ba za ka iya sauya musu wuri ba kamar yadda kake yi a Corolla, na baya kuma su ke ja su ke saurin cinyewa. Kar kuma ka sa mata tayar gwanjo ka ce za ka yi gudu a hanyar Zariya da zafin watan Afrilu, ranka ne.

Abinda ya fi damuna ma ba inji ba ne, ƙasa-ƙasan da take da shi ne. Tudun nan da mutanen unguwa ke ginawa a titi don rage gudu, kowanne sai na hau shi a karkace kamar kaguwa, ƴan adaidaita na ta min hon, bamba ta gaba sau biyu ina kai ta wajen mai ɗinkin roba. Da damina kuwa akwai layukan da na daina bi kwata-kwata.

Usta_Mai_Sifana ya rubuta:

Baban Iman ya faɗi gaskiya amma in ɗan gyara masa abu ɗaya, yallaɓai kar ka ɗauka in injin ya buga za ka ɗauko na Murano ka jefa kawai. Na Murano da Maxima a gicciye yake kwance don tayar gaba yake ja, na 350Z a tsaye yake yana jan baya, ƙananan kaya ne suke haɗuwa, in gaba ɗayan inji ne sai dai na G35 ko FX35 ya fi kusa. Sannan tasa 2007 ce mai sabon injin HR, ana gane ta da ɗan tudu a kan bonet, wadda aka turo maka kuma 2006 mai giyar hannu ita ce aka sani da shan baƙin mai. Ba duka ba, amma dole ka duba. Ka je da sassafe kafin kowa ya tayar da ita, ka taɓa inji ka tabbatar a sanyaye yake, ka zaro ma'aunin mai ka gani, sannan a tayar kai kana tsaye a bayan salansa, in ka ga hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ka yi musu sallama.

RX-8 kuwa arahar nan da ka gani ita ce gargaɗin. Ba ta da fistin ko ɗaya, injin rotari ne, wani ƙarfe mai kusurwa uku ke juyawa a ciki, lita 1.3 a rubuce amma shan fetur ɗinta ya kai na mai silinda 6, kuma da gangan aka ƙera ta tana ɗan ƙona baƙin mai, dole kana dubawa kana ƙarawa. Matsalar sai wanda ya hau ta bai san haka ba, ya bar ta ta bushe, 'yan ƙarafan da ke bakin kusurwoyin nan su cinye, ƙarfin matsi ya zube. Alamarsa in ta yi zafi ka kashe ta ƙi tashi sai ta huce. A Amurka ma sai da kamfanin ya ƙara wa injin garanti zuwa shekara 8 ko mil dubu 100, kuma tun 2012 aka daina ƙera ta. Yanzu ka gaya min a Kano wa zai buɗe maka rotari ya mayar? Ni shekarata 20 da wani abu a gareji ban taɓa buɗe shi ba kuma ba zan koya a kan motarka ba.

Porsche daɗin tuƙi babu kamarta a ukun, wannan ba musu. Sai dai na shekarun nan akwai wani boris a cikin inji da ake kira IMS, in ya watse injin ya tafi gaba ɗaya, kuma kafin ka kai gare shi sai an sauke giyabos, shi ya sa masu ita a Turai suke canza shi lokacin canza kulochi. Injin a tsakiya yake bayan kujera, lagireto biyu a can gaba cikin bamba inda leda da ƙura za su toshe su, sabis ɗaya baƙin mai sama da lita 8. Motar ta tsufa ta yi araha, kayanta ba su tsufa ba, har yau farashin Porsche ne, da dala.

Kuma duk wadda ka saya, kar ka bari wani yaro ya cire maka tamostat ya haɗa fanka kai tsaye wai don ƙasarmu da zafi, kar kuma a zuba mata baƙin mai 20W-50 na tasi, Nissan ɗin 5W-30 take so kusan lita 5. Fetur ma mai kyau aka rubuta mata mu kuma iri ɗaya ne a famfo, to ka riƙe gidan mai ɗaya da ka yarda da shi, ka bar 'yan bumburutu, ka tuna abinda gurɓataccen man nan na Fabrairun 2022 ya yi wa motoci a Legas da Abuja.

Sadauki77 ya rubuta:

Ni dai abu ɗaya zan ƙara don ni ya ci. Kalmar Beljiyam ɗin nan kar ta ruɗe ka, yawancinsu daga gwanjon Amurka suke, motocin da inshora ta biya ta sallama, wasu haɗari wasu ambaliya. Na taɓa sayen wata mai ƙofa biyu a hannun wani dillali, ba zan kama suna ba, fenti kamar madubi ciki na ƙamshi, wata biyu gilas ya fara sauka da kansa, fitilun dashbod suna ta wasa kamar na gidan biki, ashe ruwa ta sha har wuya, da muka ɗaga kafet ga tsatsa ga busasshen taɓo a ƙarƙashin kujera. Na sayar da ita da asara wadda har yau matata bata san adadin ba. Ka ce ya turo maka lambar VIN, wato lambar shaidar motar, guda 17 ce, ka biya 'yan kuɗi a duba maka Carfax, wato rahoton tarihin motar, wani lokacin ma in ka sa lambar a Google hotunan ranar gwanjon za su fito ka ga yadda take kafin a gyara. Ka kwatanta mil ɗin da ke rahoton da na mitar don ana juya ta. Takardun kwastan ma a tabbatar da su kafin ka biya, mota irin wannan ba ta wuce shinge ba a tsayar da ita ba.

Maman_Hanifa ta rubuta:

Ɗan Fagge ni ban san inji ba, amma kujera biyu ce fa. Ranar da Hajiya ta ce ka kai ta biki da ƙawarta a ina za ka sa ƙawar? Kuma ka gwada ka gani ko buhun shinkafa zai shiga but ɗin.

Ɗan_Fagge ya rubuta:

Hhh Anti ai kin gama da ni. Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. RX-8 da Porsche na cire su, Corolla ma ta tsira, zan ƙara haƙuri zuwa bayan sallah in ga abinda zai taru. Na tambayi dillalin VIN ɗin Nissan ɗin tun azahar, ya karanta bai ba da amsa ba har yanzu. Usta in na samu 2007 ko 2008 me zan fi dubawa, kuma otomatik ko giyar hannu?

Usta_Mai_Sifana ya rubuta:

In don cunkoson Kano ne otomatik ta fi sauƙi kuma giyarta na da ƙwari, amma wanda ya yi burin irin motar nan tun sakandare na san giyar hannu zai ce. To ka taka kulochi sau da yawa bayan ta yi zafi, in yana laushi ko yana maƙalewa a ƙasa, famfonsa ne, kuma a na shekarun nan yana cikin giyabos sai an sauke. A sa mata kwamfuta, a ɗaga ta a rami a ga ko ba a sace abin salansar nan da ake ce wa indomi ba, a duba cikin tayoyin gaba ko suna cinyewa gefe guda. Dillalin kuma in gobe ta yi bai turo ba ka goge hotunan.