Harobanda ko Koira Tegui: ina ya fi dacewa in sayi gida?

Baƙon Yamai:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. An yi mini canjin wurin aiki daga Tahoua zuwa Yamai, kuma ina son sayen gida madaidaici. An nuna mini ɗaya a Harobanda, wani kuma a Koira Tegui. Wanne za ku ba ni shawara?

Ɗan Lamorde:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka biya ko dala, ka ziyarci gidan da damina, ka dubi gindin bango ko akwai alamar da ruwa ya bari, domin a shekarar 2020 Kogin Kwara ya fasa madatsa ya mamaye unguwannin Lamorde da Kirkisoye da ke ɓangaren Harobanda. Harobanda ba duka ɗaya ba ce, wuraren da ke kan tudu lafiya lau suke, ga kuma Jami'ar Abdou Moumouni kusa.

Hajiya Mai Shago:
Ɗana, ina wurin aikin naka yake? Idan sai ka haye Gadar Kennedy, wadda ta haɗa Harobanda da tsakiyar gari, kullum da safe, cunkoson zai gajiyar da kai. Koira Tegui kuwa tana da nisa, saboda haka ka tambayi maƙwabta ƙarfe nawa ruwan famfo yake zuwa.

Tsohon Ma'aikaci:
Ni takardu suka fi damuna. Ka kai takardar filin ma'aikatar magajin gari a tantance ta, sannan a yi cinikin gaban notar, wato jami'in shari'a mai tabbatar da takardun ciniki, don kada a sayar maka da gidan gādo wanda magada ba su amince ba.