Dame ta gaban sunan Maggie Smith: me za mu kira ta da Hausa?

'Yan uwa masu fassara, ku zo mu kashe wannan magana. Ran 27 ga Satumba 2024, da 'yar wasan Birtaniya Maggie Smith ta rasu a Landan tana da shekara 89, na rubuta gajeren labari a kanta, na bar laƙabinta na girmamawa, wato Dame, yadda Turawa ke rubuta shi. Da na ba ƙanwata ta karanta min, sai ta furta shi kamar "dame" ta "abin ya dame ni". Ba laifinta ba ne, haka idon Bahaushe zai gan shi.

Sarauniya Elizabeth ce ta ba ta laƙabin a 1990, kuma gumin matar ne ya jawo mata shi. Tun 1952 ta hau dandamali a Oxford. A 1964 ta fito a matsayin Desdemona tare da Laurence Olivier a wasan Othello, daga baya ta ci kyautar Oscar har sau biyu. Yaranmu sun fi saninta da Farfesa McGonagall ta Harry Potter, masu kallon talabijin kuwa da tsohuwar nan mai kaifin harshe ta Downton Abbey, wanda aka nuna daga 2010 zuwa 2015.

Wani ya ce mu sa Gimbiya. Ban yarda ba. Gimbiya haihuwa ce ke ba ta, wannan kuwa ba a gadonsa, ba a bar wa 'ya'ya. Uwargida ma ba ta shiga, don tana jingina mace da miji, alhali ko mijin mai wannan laƙabi ba ya samun komai daga cikinsa. Magajiya tana da nauyi, amma sarauta ce mai gida da tarihi, musamman a Daura, bai dace mu ara mata riga ba.

Wadda ta fi ba ni takaici ita ce Jaruma. Da ita ce daidai, tunda asalin girmamawar ta mayaƙan kan doki ce. Sai dai Kannywood ta riga mu: yau ka ce jaruma Maggie Smith, kowa zai ɗauka 'yar wasa kawai kake nufi.

Sai wani malaminmu ya tuna min abin da magabata suka yi. Da aka ba Sardauna da Tafawa Ɓalewa irin wannan lambar, ba su nemo mata sarautar gargajiya ba, suka ce Sa Ahmadu Bello, Sa Abubakar. Darajar tasu da ta Maggie ɗaya ce a tsarin Birtaniya, bambancin na maza ne da na mata. Allah ya saka, Malam, ka warware mana.

Don haka ni na tsaya a kan Dem, yadda ake furta shi. A ambaton farko a ƙara da cewa takwarar Sa ce ta mata. Kuma da sunan yanka ake haɗa ta: Dem Maggie, ko Dem Maggie Smith, ban da Dem Smith. Haka za mu rubuta Dem Judi Dench, ita ma 'yar wasan Birtaniya, in labarinta ya taso.