Taormina: waɗanda suka taɓa hawa garin su ba mu labari

Mai buɗe zance, daga Catania:
Assalamu alaikum. Iyayena za su kawo mini ziyara a ƙarshen wata, kuma ina tunanin kai su Taormina, garin nan da ke maƙale a jikin dutsen Tauro a gabashin tsibirin Sisili. Ina roƙon waɗanda suka taɓa zuwa su faɗa mini ko ya cancanci wahalar, ganin cewa mahaifina ya manyanta.

Wani malamin makaranta:
Wa alaikumus salam. Ni dai tsohon dandalin wasan kwaikwayo ne ya kai ni, wanda Girkawa suka fara sassaƙa a jikin dutsen wajen ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), daga baya Rumawa suka sake gina shi da jan bulo. Na hau har saman matakala na zauna, sai ga teku shimfiɗe can ƙasa, ga kuma dutsen Etna yana fitar da siririn hayaƙi ta tsakanin karyayyun ginshiƙai. Da niyyar yin rabin awa na shiga, amma ban tashi ba sai da rana ta fara duka. Ku je da sassafe, kafin motocin masu yawon buɗe ido su sauke jama'a.

Wata ɗalibar tarihi:
Malam ya faɗi gaskiya, sai dai abin da ya fi taɓa ni daban ne. Wannan tsibiri shi ne Siƙilliya da muke karantawa a littattafan Larabci, kuma Taormina na cikin garuruwan da suka fi daɗewa suna turje wa rundunar Musulmi saboda tsayin dutsen. Aglabawa, sarakunan Musulmi na Arewacin Afirka, sun ci garin a 902, sannan Faɗimawa suka sake karɓe shi a 962 suka sa masa suna Al-Mu'izziyya, da sunan halifansu. Idan kuka shiga ta ƙofar garin da ake kira Porta Messina, ku tsaya a tsohuwar fadar Palazzo Corvaja, domin hasumiyar da ke tsakiyar ginin tun zamanin Larabawa take. Na daɗe tsaye a farfajiyarsa ina kallon duwatsun, alhali jama'a na ta wucewa zuwa shagunan babban titin Corso Umberto ba tare da sun ko ɗaga kai ba. Ina ganin Baba zai ji daɗin wannan fiye da komai.

Wani ɗan kasuwa, daga Messina:
Ɗan'uwa, kada ka yi kuskuren da na yi. Tashar jirgin ƙasa tana bakin ruwa ne, garin kuma yana sama, ni kuwa na ce zan hau da ƙafa ɗauke da jaka, har sai da gwiwoyina suka yi tsami. Ku shiga bas. Akwai kuma keken igiya da ke saukar da mutane zuwa Mazzarò da ke bakin ruwa cikin 'yan mintuna, daga nan a taka zuwa ɗan tsibirin Isola Bella, amma a sa takalmi domin gaɓar tsakuwa ce, ba yashi ba. Game da abinci, ku tambaya kafin ku sayi cannoli, wani kayan zaƙi mai soyayyen ɓawo, domin a al'ada da kitsen alade ake kwaɓa ɓawonsa. Granita ta lemon tsami kuwa, wato niƙaƙƙiyar ƙanƙara mai zaƙi, kofi biyu na sha a tsaye.

Mai buɗe zance:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Za mu bi bas ɗin safe daga Catania, mu fara da dandalin, amma sauka bakin ruwa sai na ga yadda ƙafar Baba ta kasance.