Sautin rediyon motata ya dame ni, daga ina zan fara gyara?

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sanin harkar sautin mota ku taimaka min da shawara. Wata 4 kenan da na karɓi wata ƙaramar mota hom yus, daga Japan ta fito ta sauka Tema, da ita nake haya a cikin Kumasi, Aboabo zuwa Kejetia, Tafo, wani lokaci har Ejisu. Inji lafiya lau alhamdulillah, AC na sanyi, amma rediyon da ta zo da shi daga kamfani wlh ya ishe ni.

Da safe in na fito bayan asuba karatun Alƙur'ani nake sawa, to muryar mai karatun sai ka ji kamar daga cikin randa take fitowa, harafi baya fita sosai. In ina tsaye a go-sulo da dama-dama, amma da zarar na hau titi na taka mota shikenan ƙarar taya da iska sun cinye komai, in na ƙara murya kuma ƙofar gaba ta hagu ta fara zzzz kamar an kulle ƙuda a gwangwani. Jiya wata baiwar Allah da na ɗauka daga Asawase sai da ta ce ɗana ka rage abin nan yana sa min ciwon kai, na ji kunya ba kaɗan ba.

Na biyu kuma, rediyon baya wuce lamba 90. Zuria 88.7 yana kamawa, amma fasinja ya ce sa min Luv ko Angel sai dai in ba shi haƙuri.

Wani yaro ya ce min kawai in cire shi in sa irin babban sikirin ɗin nan na Android komai zai gyaru, wani abokina kuma ya ce wufa, wato babbar lasifikar bes, zan sa a but. Ni kuɗin da na ware bai kai sidi 2,000 ba kuma da guminsa na tara, bana so in zuba a inda ba nan ciwon yake ba. Kusan awa 12 nake yi a motar nan kullum, ita ce ofis ɗina ita ce ɗakina. Me zan fara taɓawa?

Masta na Magazin:

Wa alaikumus salam ƙanina. Aikin wayarin mota nake yi a Suame Magazin tun ina yaron shago, kuma abin da ka faɗa kusan kullum sai an kawo min irinsa. Kar ka sayi sikirin tukuna, kar ka sayi wufa. Ka fara buɗe ƙofar nan mai kuka.

Su kamfanonin mota, in ba babbar mota mai tsada ba, lasifika ita ce wurin da suke rage kuɗi. In ka kwance ta za ka ga fuskarta takarda ce, maganaɗisun bayanta ɗan mitsitsi, ka ɗora a tafin hannu ba nauyi. Gefenta kuma akwai wani zobe na soso ko roba mai laushi da yake riƙe takardar, shi ne yake barinta ta yi gaba ta yi baya. To motar da ta yi shekaru a waje, ta zo nan rana ta dake ta, damina ruwa ya bi ta gilas ya sauka cikin ƙofa, hunturu ƙura ta shiga, wannan zoben ruɓewa yake yi, in ka taɓa da yatsa sai ya marmashe kamar tsohon biredi. Wannan zzzz ɗin da kake ji ko dai zoben ne ya yage, ko kuma kilif ɗin murfin ƙofa ne ya karye roba na bugun ƙarfe. Ka gwada da kanka: sa sautin, ka danna murfin ƙofar da hannu. In kukan ya tsaya to murfi ne, in bai tsaya ba lasifikar ce ta mutu.

Sannan akwai wani gwaji da ba ko pesewa a ciki. Ka shiga wurin balans ka mayar da sauti duka gefe ɗaya, ka saurara, ka dawo da shi tsakiya. In ka ji bes ya fi kauri a gefe ɗaya, da ka dawo tsakiya sai ya sirance, to an juya wayar lasifika ɗaya, filos ya koma mainos. Ɗaya na turawa ɗaya na ja, suna kashe juna. Motocin Japan da aka juya wa sitiyari an kwance dashbod ɗinsu gaba ɗaya an sake haɗa wayoyi, shi ya sa nake yawan samun wannan a cikinsu.

In za ka sayi lasifika ka zuba kuɗinka a biyun gaba, nan kunnenka yake. Yawancin ƙananan motoci inci 6 ko 6.5 ne a ƙofa, 4 ohm, amma ka cire tsohuwar ka tafi da ita kasuwa a gwada, har zurfinta, dan kar gilas ya sauko ya doki bayanta. Tunda karatu da wa'azi ka fi ji, in da hali ka nemi irin wadda twita ɗinta, wato 'yar ƙaramar lasifikar siririn sauti, daban take, a ɗora twitar sama kusa da madubi ko kan dashbod. Kaifin harafi daga twita yake fitowa, ita kuwa lasifikar ƙofa ƙafarka take yi wa magana, dalilin randar da ka ce kenan.

Kuma dan Allah kar lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Za ka ga an rubuta 1000W da jan rubutu, ba shi ne zance ba, ka nemi inda aka rubuta RMS, shi ne ainihin ƙarfin da take ɗauka. Rediyon mota na yau da kullum, har wanda aka rubuta wa 50W x 4, ainihin abin da yake bayarwa wajen wat 15 zuwa 20 ne ga kowace lasifika. Saboda haka lasifika mai sauƙin turawa kake so, wadda aka rubuta mata wajen 90 dB ko sama. Pioneer, JBL, Kenwood, Sony duk suna yin masu kyau, sai dai jabu sun cika kasuwa da sunayensu, ka ɗaga ka ji nauyi, ka duba rubutun jiki, kuma a haɗa maka ka ji da kunnenka kafin ka biya.

Kafin a mayar da murfi a manna wa ƙarfen ƙofar irin baƙar shimfiɗar nan mai danƙo mai fuskar alminiyam, ko bayan lasifikar kaɗai aka sa za ka ji bambanci, ƙofa ta daina kuka kamar kwano. Ledar da kamfani ya manna a ciki kuma a mayar da ita yadda take, ita ce ke tare ruwa, yara da yawa yage ta suke yi su jefar.

Zancen 90 kuwa ba lalacewa ba ce. Rediyon Japan daga 76 zuwa 90 aka yi shi, mu kuma tashoshinmu daga 87.5 suke har 108. Akwai ɗan akwati da ake sawa a wayar eriya, ekspanda muke ce masa, zai kamo maka sauran, sai dai lambar da za ka gani a fuska ba za ta yi daidai da ta tashar ba.

Maman Yara, Asawase:

Sannu ɗan uwa. Ni ban san wayarin ba amma bari in faɗi abin da ya faru da tamu. Maigidana ya canza lasifika ya dawo yana ta faɗa wai babu abin da ya canza, ashe matsalar daga abin da muke sakawa ne. Irin ɗan abin nan muke amfani da shi da ake cusawa a ramin laita, waya ta tura masa ta Bluetooth shi kuma ya tura wa rediyo ta FM, ga tashoshi sun cika gari ko wace lamba ka zaɓa sai ka ji shhh a ƙasa. Ga shi kuma yawancin wa'azin da ke wayarsa a WhatsApp aka turo, an ɗauka da waya a masallaci an tura an sake turawa. Ranar da ɗanmu ya sauko da karatu mai kyau ya sa a filash ya cusa kai tsaye, sai da maigidan ya rage gudu yana saurare. In motarka na da ramin AUX ko USB ka gwada wannan tukuna. Kuma ka duba bes da tirebul, tamu mun same su duka a ƙarshe, da aka dawo da su tsakiya murya ta washe.

Alhajin Nima:

Masta ya gama magana, Allah ya ƙara basira. Ni gargaɗi ɗaya zan ƙara saboda na ga ana zuga ka a kan wufa. Kwanakin baya na sayi amfilifaya, na'urar da ke tura wufa, a Abossey Okai, kayan lafiyarsu lau, kuskurena shi ne na ba wani yaro a bakin titi ya haɗa dan ya fi araha. Ya ja jar waya daga batir ya bi da ita ta wani rami a ƙarfe ba roba a bakin ramin, kuma bai sa fiyus ba. Wata biyu ƙarfe na cin wayar ban sani ba, ranar nan ina hanyar Madina da iyali a baya sai warin roba, hayaƙi na fitowa ta ƙarƙashin kafet wajen ƙafar Hajiya. Allah ne ya tsare, akwai sifana a motar na cire kan batir. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake.

Duk wanda zai sa amfi, fiyus kusa da batir, kar ya wuce santimita 45. Waya ta zama jan ƙarfe na gaske, ka kankare bakinta da wuƙa, in ka ga fari a ciki alminiyam ce aka shafa wa kala. Baƙar wayar da ake ɗaurewa a bodi ta zama gajera kuma a goge fenti sai ƙarfe ya fito, in ba haka ba za ka riƙa jin wani fiii yana hawa yana sauka da totur, kukan altaneta kenan. Kuma kai mai haya ne, in akwatin wufa ya cinye but ina fasinjan Kejetia zai sa buhunsa?

Ɗan Aboabo:

Na gode ƙwarai Masta, Hajiya Maman Yara, Alhaji, Allah ya saka da alheri. Yau bayan azahar na samu inuwa na buɗe ƙofar. Masta kamar kana wurin, zoben nan ya cinye rabi, na taɓa ya zube a hannuna baƙi-baƙi, kilif biyu ma sun karye. Na yi gwajin balans kuma bes ya fi a gefe ɗaya, kenan har da juyin waya. Hajiya ke ma kin gano ni, irin abin laitar nan nake amfani da shi, motar ba ta da USB amma na ga ramin AUX a ƙasan rediyo da ban taɓa kula da shi ba. Yanzu tambayata Masta, in na gama da ƙofofin kuɗi ya rage, ekspanda zan sa ko in canza rediyon gaba ɗaya?

Masta na Magazin:

Ka yi sati ɗaya kana ji da sabbin lasifikun da wayar AUX tukuna. In har yanzu kana son canji to ka sayi rediyo na gaske mai USB da Bluetooth a jikinsa, ko ba sikirin, zai kama har 108 ba sai da ekspanda ba. Sikirin masu arhar nan kyan ido ne, da yawansu sautinsu bai fi wanda za ka cire ba. Ranar haɗawa ka tsaya a kansu kar a yanka wayar mota, akwai soket na haɗi da ake sayarwa, kai ɗaya ya shiga na motar ɗaya ya shiga na rediyo. Tsohon rediyon kuma ka nannaɗe shi a leda ka ajiye a gida, ranar da za ka sayar da motar mai saye zai tambaye shi.